Ƙannena za su zo Legas a Disamba, suna son teku da hawan dutse: ta ina zan fara?

Ɗan Zangon Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙannena za su zo daga Katsina a hutun Disamba, su shida: samari uku, 'yan mata biyu, sai yaro ɗan shekara 11. Kwana bakwai za su yi a wurina a Agege. Sun ce ba yawon manyan kantuna zai kawo su ba. So suke su ga teku, su shiga jirgin ruwa, su hau gadar nan mai lilo ta Lekki da suke gani a TikTok, in da hali ma a hau dutse. Biyu daga cikin samarin sun iya iyo, amma a kududdufi da dam suka koya. Ɗaya daga cikin 'yan matan kuma tana da sikila. Don Allah waɗanda suka san harkar ku ba ni shawara: da me za a fara, me za a bari, me za a riƙe, kuma wane lokaci ya fi?

Mai Filafili:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi dacen wata. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ya ɗauke, teku ma yakan lafa in an kwatanta da Yuni zuwa Satumba, lokacin da manyan igiyoyi ke tasowa daga kudancin Atilantika. Amma samarin nan biyu da suka iya iyo su ne suka fi ba ni tsoro a cikin mutanen naka. Wanda bai iya ba yakan tsaya inda ruwa ya kai masa idon sawu. Wanda ya koya a dam shi ne zai tuɓe riga ya faɗa.

Ruwan dam a tsaye yake. Bakin tekun Lekki kuwa, irin su Elegushi da Alpha da abin da ya yi gabas, gaɓarsa gangare ce, igiya ba ta fashewa can nesa, a kan yashin take faɗowa da ƙarfinta duka. In ta buge ka ta koma, sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kana nutsewa kana tsaye, kafin ka gyara ta biyu ta iso. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyun shi ke kisa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, to sai ya haɗu a wata siririyar hanya ya fita teku da gudu. Faɗin hanyar sau da yawa bai wuce mita 25 ba, amma gudunta kan haura mita 2 a daƙiƙa ɗaya in ta yi ƙarfi, kuma babu gwanin iyon da zai iya tsere mata gaba da gaba. Abin haushin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da wurin wanka: ruwan ya fi duhu, ya fi kwanciya, igiya na fashewa dama da hagu amma ban da shi. In ka tsaya can sama ka lura, za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya cikin teku maimakon su zo gaɓa. Ka nuna musu wannan da yatsa kafin kowa ya cire takalmi. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya yana kira, ko kuma ya yi iyo a kaikaice, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya biyo igiya ya fito. Na waje kuma kada ya faɗa ceto hannu rabbana. A jefa masa jarka mai murfi, ko kula, ko taya, duk abin da ke tasowa a ruwa, a kira 112 ko 767.

Shawarata a taƙaice, a waɗannan wuraren a yi kallo a ɗauki hoto, kada ruwa ya wuce ƙwauri. In wanka suke so, Tarkwa Bay za ka kai su.

Dalili kuwa, Tarkwa na cikin kariyar dogayen katangun dutse da Turawa suka zuba a farkon ƙarni na 20 don buɗe wa manyan jirage hanyar shiga tashar Legas. Katangun sun karya ƙarfin igiya, shi ya sa a nan ne masu koyon hawan igiya da allo suke taruwa. Mota ba ta zuwa, sai jirgi. Ana tashi daga CMS a Marina, ko daga wajen Falomo inda tashar Five Cowries take, tafiyar minti 15 zuwa 20. Daga Agege in kana son kauce wa gosulo, ka hau jirgin ƙasa na Red Line zuwa Oyingbo, daga nan CMS kusa ne.

Kafin ku shiga jirgi:

Rigar ruwa, wato rigar hana nutsewa, tilas ce, dokar LASWA ce, hukumar sufurin ruwa ta jihar Legas, amma sakawa kaɗai ba ta wadatar ba. A ɗaure duk maɗauran, sannan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura kunne to ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Yaron nan ɗan 11 a nema masa ta yara, kada ka yarda a ce wai ya saka ta manya a ɗaure da igiya. Wadda soson cikinta ya lotse ko maɗaurinta ya karye, a mayar.

Ku yi ciniki na zuwa da dawowa tun a tasha, ka karɓi lambar direban, ku tsayar da lokacin ɗauko ku. Ƙarfe 4 na yamma ya isa, in ya yi nisa 5. An hana tafiyar dare a ruwa, kuma jirgin ƙarshe shi ne wanda ake cunkusa wa mutane fiye da kima. In ka ga kujeru sun cika ana neman ƙara mutum, ku sauka ku jira wani.

Hanyar tana ratsa mashigar da manyan jiragen Apapa da Tin Can ke bi. In babban jirgi ya wuce yakan bar igiya a bayansa, direban kirki zai rage wuta ya fuskance ta da goshin jirgi. A wannan lokacin kowa ya zauna daram, ban da tashi don ɗaukar bidiyo, ban da komawa gefe ɗaya gaba ɗaya. Gaban jirgi ya fi dukan mutum, saboda haka mai jin jiri da mai ciwon baya su zauna tsakiya ko baya.

Akwai kuma lissafin cikar ruwa da janyewarsa. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kowace rana, kuma kullum yana jinkiri da kamar minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen 14 ga wata, don haka kalandar Musulunci da ke bangon ɗakinka ta ishe ka sanin ranakun. Lokacin janyewa ruwan lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, ta wannan mashigar yake fita, in ya ci karo da igiyar teku sai wurin ya hargitse. Ka tambayi direba ko ruwa shiga yake ko fita, su sun sani.

A can Tarkwa ɗin abu biyu za ka hana. Hawa kan duwatsun katanga, domin gansakuka ta rufe su, santsi gare su, kuma igiya na iya share mutum daga kai. Sai kuma tsallakawa ɗaya ɓangaren, bakin tekun Lighthouse, a ce za a yi wanka. Can buɗaɗɗen teku ne, babu katangar da ta kare shi.

Hajiyar Obalende:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Ni ta Lekki zan yi magana, kuma da ita nake ganin ya kamata ku fara, kafin ruwa.

Sunan wurin Lekki Conservation Centre, yana kan titin Lekki zuwa Epe daura da ofishin kamfanin mai na Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78, yawancinsa fadama da kurmi. Gadar da ƙannenka suka gani an buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ta kai mita 22.5 daga ƙasa. Ba a miƙe take ɗaya ba, kashi-kashi ce, daga wannan hasumiya zuwa waccan, ana hawa a hankali har a kai ƙololuwa sannan a fara gangarowa. Faɗinta na mutum ɗaya ne, raga ce ta kare gefe da gefe, kuma tana lilo da kowane taku.

Abin da ke sa mutane kuka a tsakiya ba tsayin ba ne kawai, takun na baya ne. In mutum uku suka matsu wuri guda suna taku tare, gadar sai ta ɗauki rawa. A bar tazarar taku biyar ko shida tsakanin mutum da mutum, hannu biyu a kan igiyoyin gefe, ido a kan hasumiyar gaba, ba ƙasa ba. Samarin nan ka ja musu kunne tun a ƙasa, domin akwai masu girgiza ta da gangan don su tsorata mata. Mai tsoro a sa shi gaba kusa da ma'aikacin wurin, kada a bar shi ƙarshe. Wanda kuma ya san tsani ma yana sa shi jiri, ya haƙura tun daga ƙasa, komawa baya a kan gadar wahala ce ga kowa tunda hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu.

Ba sa barin ƙananan yara su hau, saboda haka ka shirya wa ɗan shekara 11 ɗin zuciyarsa tun a gida, kada rigima ta tashi a bakin matakala. Ba zai rasa abin yi ba. Akwai doguwar hanyar katako da ta ratsa fadamar, akwai ɗakin kan bishiya, akwai tafkunan kifi da fili na iyali, ga ɗawisu da kunkuru. In an yi ruwa ko iska mai ƙarfi sukan dakatar da hawa, amma a Disamba da wuya.

Birai su ne 'yan fashin wurin. Ƙarar leda kaɗai ta isa ta tara su. Abinci ya kasance cikin jaka mai zif, kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba a hannu, kuma in biri ya kama abu a sakar masa. Cizo ko yaƙushinsa ba abin wasa ba ne: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar.

Batun sutura, tunda da 'yan mata. Dogon hijabi har ƙasa da takalmi mai tsini ba su dace da gadar ba, gefen hijabin na maƙalewa a raga, kuma mace ba ta ganin inda take taka ƙafa. Su sa doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, hijabi iya gwiwa ko mayafi da aka ɗaure sosai, da kambas. A jirgin ruwa kuma rigar ruwa a kan hijabi ake sa ta, a cusa gefensa ciki, kada a bar shi yana kaɗawa kusa da inji. Maza su ma su bar babbar riga da shadda mai sitati a gida, in suka jiƙe nauyinsu ya ninka. Hula kuwa iskar jirgi za ta raba ku da ita tun kafin ku wuce Marina, a sa a jaka.

Lokaci shi ne komai. Daga Agege zuwa Chevron, in kuka fita bayan sallar asuba za ku isa kafin rana ta yi zafi. In kuka tsaya karin kumallo har 8, to a kan gadar Third Mainland za ku ci rabin safiyar. Disamba kuma garin cike yake da 'yan hutu daga ƙasashen waje, daga wajen 20 ga wata zuwa sabuwar shekara titin Lekki ba ya motsi da yamma. Ku zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis. Haka bakin teku, Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye, ba wurin da za ka so ka zauna da ƙannenka mata ba ne. Ranar aiki da safe kuwa kusan ku kaɗai ne.

Ku riƙe darduma ko babban mayafi. Ruwan teku ana alwala da shi. A gaɓar Lekki teku na kudu, to in ka fuskance shi alƙibla tana hagunka, ka ɗan ƙara karkatawa baya kaɗan.

Nas Mai Dare:

Yaya, maganar mai sikilar nan ita ta tsayar da ni. Za ta iya zuwa ko'ina a cikin wuraren da aka lissafa, amma abu uku ke tayar da ciwon: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi na farat ɗaya, da gajiya mai yawa. Dukansu suna cikin wannan yawon.

Zafin Legas ba irin na Katsina ba ne. A ma'auni bai kai ba, 31 zuwa 33 ne galibi, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Su kuma daga tsakiyar hunturu za su taso, jikinsu bai saba ba. Kada ka sa wani abu mai wahala a kwana biyun farko. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2 na yini, ita lita 3, a riƙa kurɓa ba sai an ji ƙishi ba. Fitsari in ya yi ja ko ya ragu, ruwa bai isa ba. Ku sayi ƙullin ORS a kemis, kowanne a lita ɗaya ake narka shi. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi.

Kada ta jiƙa jikinta a Tarkwa sannan ta shiga jirgi da jiƙaƙƙen kaya, iskar gudun jirgi a kan rigar da ta jiƙe ita ce sanyin da nake nufi. Ta riƙe tawul da kayan canji a leda, da rigar sanyi mara nauyi. Magungunanta na kullum da na ciwo su kasance a jakarta, ba a gida ba, da katin asibitinta. In ta fara jin ciwon ƙashi, a tsaya nan take, inuwa, ruwa, magani, a juya. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko zazzaɓi kuwa asibiti ne kai tsaye. Ka tuna Tarkwa sai da jirgi ake fita, wannan ma dalili ne na riƙe lambar direba da kuma dawowa da wuri.

Sauro: gidan sauro kowane dare, ita musamman, domin maleriya ta fi yi wa mai sikila illa. A fadamar Lekki da bakin ruwa da yamma a shafa maganin sauro mai DEET kashi 20 zuwa 30 a hannu da ƙafa. Wanda ya yi zazzaɓi ko bayan sun koma gida, a gwada jini kafin a sha komai.

Ƙaramar jaka ta ishe ku: filasta, bandeji, aidin, farasitamol, ORS, man kare fata daga rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa a bakin teku, wuya da hanci da bayan ƙafa su ke fara saɓulewa. Wanda ke da ciwo a buɗe a ƙafa kada ya shiga ruwan lagun. Wanda kuma aka tsamo daga ruwa ya shaƙa, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba shi. In ba ya numfashi, a fara da hura masa iska sau 5, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, a ci gaba har taimako ya zo. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki wai a fitar da ruwa.

Ɗan Zangon Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura dutse. Wani ya ce min Erin Ijesha ko Idanre, za a iya zuwa a dawo rana ɗaya? Sannan samarin sun ga masu tuƙa ɗan kwale-kwalen roba a ƙarƙashin gadar Ikoyi, da masu hawan doki a bakin teku, suna tambaya.

Baban Ebute Metta:

Ɗana, wanda ya ce maka rana ɗaya bai yi maka adalci ba. Erin Ijesha a jihar Osun take, ruwa ne mai gangarowa hawa bakwai, Idanre kuma a Ondo kusa da Akure, matakalarta ta haura 600. Kowanne sai ka ci awanni a mota kafin ka fara hawa, ka gama a gajiye, sannan ka kamo hanyar Ibadan da dare. Wurare ne na kwana, kuma da yarinya mai sikila ban ba ka shawara ba. Ga shi Disamba rani ne, ruwan Erin Ijesha ya ragu.

Dutsen Olumo a Abeokuta shi ne daidai ku. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a tashar Agege, ƙofar gidanka ke nan, ya sauke ku a tashar Wole Soyinka ta Abeokuta cikin awa ɗaya da wani abu. Jiragen kaɗan ne a rana, kuma a Disamba tikiti na ƙarewa, saboda haka ka saya ta intanet tun da wuri, na zuwa da na dawowa tare. Daga tashar sai ku ɗauki mota zuwa Ikija inda dutsen yake.

Tsayinsa mita 137 daga matakin teku. A nan Egbawa, Yarabawan Abeokuta, suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen wajen 1830, za a nuna muku kogunan da suka zauna da ramukan da suka riƙa daka a kan dutse. Matakala ce ta kai rabi, daga nan akwai tsohuwar hanya ta wani matsattsen tsagi tsakanin duwatsu, da tsani da saiwoyin bishiya, sai an haɗa da hannu. Nan ne daɗin yake ga samari, nan ne kuma silifas ke kayar da mutum. Mai hawa ya tabbata gaɓoɓinsa uku na riƙe da wani abu kafin ya ɗaga na huɗu, jaka a goye, waya a aljihu. Akwai lif da matakala ta zamani ga wanda ba zai iya tsagin ba, yarinyar ta bi ta nan a hankali tana hutawa. Ku hau kafin 11, domin dutsen in ya sha rana tafin hannu ba ya iya dafa shi. A sama ba ko'ina ke da shinge ba, yaron ya kasance a hannun babba. Akwai wurin bautar gargajiya a jikin dutsen da tsofaffin da ke kula da shi, ku gaisa ku wuce, ban da hoto sai da izini. In kun sauko kasuwar Itoku na kusa, 'yan matan za su sami adire, rinannen yadin Yarabawa, mu da muka san rinin Ƙofar Mata ba za mu rasa abin kwatantawa ba. Abinci da masallaci kuwa ku nemi Sabo.

In kwana ya rage, Badagry. Ana bi ta Mile 2, awa biyu zuwa uku gwargwadon hanya, kuma da yake hanyar iyakar Seme ce shingayen jami'ai na da yawa, kowa ya riƙe katin shaidarsa. Akwai gidan bene na 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan a tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu a taka hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku. Tafiyar kamar rabin awa ce a cikin yashi, inuwa kaɗan, to da safe ake yin ta, da malafa da ruwa. Tekun da ke ƙarshen hanyar irin wanda Mai Filafili ya yi gargaɗi a kai ne.

Doki kuwa ba sai an koya wa Bakatsine ba, amma dokin haya daban ne. Ka sa a ɗaga sirdi ka ga bayansa, in da gyambo ku bar shi, zafi zai sa ya yi tutsu. Ka ja majayi ka ji ya ɗauru, ka daidaita likkafa, ƙafa kada ta shige har dunduniya. A tsayar da kuɗi da iyakar inda za a je a dawo kafin a hau, in ba haka ba a sauka ana rigima. Kwale-kwalen roba dai ni ban yarda da shi ba ga baƙon da bai san ruwa ba, wurin nan jirage masu gudu sun yi yawa.

Mai Filafili:

Baba, a gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa. Kayak, wato kwale-kwalen robar nan, a rafin Five Cowries ya fi wankan Elegushi aminci nesa ba kusa ba, in dai da jagora a ruwa tare da su, da rigar ruwa, kuma da safe ne kafin masu gudun shaƙatawa su fito. Gaskiyarka ce game da jirage, shi ya sa ba a shiga tsakiya, gefe ake bi, kuma ba a tsallaka hanyar jirgi sai jagora ya ce.

Su nemi irin wanda ake zama a samansa, mai faɗi, na mutum biyu, wanda ya fi nauyi a baya. Riƙon filafili: a ɗora shi a ka, a buɗe hannu har gwiwar hannu ta yi kusurwa, nan ne wurin riƙo. Da ƙugu ake tuƙi, ba da damtse ba, wanda ya dogara da hannu minti goma zai gaji. A fara da fuskantar inda ruwa ke fitowa, a dawo tare da shi, in aka yi akasin haka dawowar ce za ta gagara lokacin da ƙarfi ya ƙare. Igiyar jirgi in ta taho a juya mata goshi, kada ta same ku a gefe, a ci gaba da tuƙi. In ya kife, ba ya nutsewa, a riƙe shi, a juya shi, a hau da ciki tukuna sannan a juyo a zauna. Waya a jakar roba mai igiya a wuya. Ruwan wurin ba mai tsabta ba ne, ba a haɗiya, in an fito a yi wanka da sabulu.

Abu ɗaya da zai iya ɓata shirin shi ne kainuwar nan mai shuɗin fure da ke malalowa cikin lagun daga ƙarshen damina. Takan kai Disamba kafin gishiri ya ƙaru ya kashe ta. Ta fi yawa wajen Ikorodu, amma iska na kora ta ko'ina, tana naɗe farfelar inji, tana ɓoye gungume da tarkace. In kun tarar ta rufe bakin tasha ku ɗaga zuwa wata rana. Haka in hazon hunturu ya sauko da safe har ba ka ganin ɗaya gaɓar, ku jira ya washe, wajen 10 yakan buɗe. Yaron da mai sikilar su zauna a gaɓa, minti 45 ya ishi samarin a karon farko.